A Zana Mana Hanyar Ruwa Kafin Mu Zuba Iri

Ya ku manoman fadama, masunta da makiyaya, sarakunanmu iyayen ƙasa, malamai, matasa da masu riƙe da madafun iko, tun daga Wudil har Ringim, daga Auyo har Guri, daga Jama'are da Zaki har Gashuwa da Gaidam.

Duk damina muna zuba iri da taki da kuɗin bashi a ƙasar da ruwa ya saba bi, sannan idan ya malalo a Agusta ko Satumba mu ce ya zo mana ba zato ba tsammani. Alhali ruwan nan bai taɓa ɓoye hanyarsa ba. Garuruwan da ya shiga a 2012, da yawansu ya sake shigarsu a 2020, ya kuma koma musu a 2022. Dattawanmu sun san hanyarsa, tauraron ɗan'adam ya ɗauki hotonta, ma'aikatan ruwa suna da awonta a rubuce. Abin da ya rage shi ne a tattara wannan sani a wuri ɗaya, a zana taswirar ambaliya ta kowane gari da gonakinsa, a rubuta ta da harshen da manomi ke ji, a kafa ta inda kowa zai gani tun kafin ruwan shuka ya sauka. Kiran da nake yi ke nan, kuma babu wanda na cire daga cikinsa.

Asarar da ba ta janyewa tare da ruwa

A 2012 hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta ƙidaya mutum 363 da ambaliya ta kashe a Najeriya, da sama da mutum miliyan biyu da ta raba da muhallinsu. A 2022 mamatan sun haura 600, waɗanda suka rasa matsuguni sun fi miliyan ɗaya, gonakin da ruwa ya shanye kuwa sun kai ɗaruruwan dubban hektoci. Jigawa tana cikin jihohin da suka fi ɗanɗana kuɗarsu a waccan shekara, inda aka rasa rayuka sama da 100. Kafin nan, a 2020, ruwa ya shafe shinkafar fadamun Kebbi ana dab da girbi. Ranar 10 ga Satumba 2024 kuma madatsar Alau ta ɓalle, Maiduguri ta wayi gari cikin ruwa, shekara 30 bayan irin wannan ta same ta a 1994.

Waɗannan alƙaluma ne. Abin da ido ke gani ya fi su ciwo. Ga magidanci cikin kwalekwalen aro yana tuƙi a saman gonarsa, yana lalube da lauje ko zai dace da 'yan zangarniyoyin shinkafar da suka riga suka nuna. Abin da ya tsamo sai ya shanya a gefen kwalta, don nan kaɗai ne busasshen wuri, amma ƙwayar ta yi baƙi, wata ma ta fara tsiro. Takin da ya zuba na bashi ne, da alkawarin zai biya da buhu idan kaka ta yi. Kaka ta zo babu buhu. Sai a kai bijimin huɗa kasuwa, a ɗage auren da aka sa wa rana, samarin gidan su kama hanyar ci-rani. Ranar da ruwa ya janye masu agaji sun naɗe tabarmarsu, shi kuwa a ranar yunwarsa ta fara. Mutumin birni ma bai tsira ba, domin abin da ya nutse a Auyo da Kafin Hausa shi ne ke ɗaga farashin kwano a kasuwannin Gujungu da Dawanau.

Mu san kogin da muke zaune a bakinsa

Kogin Kano da na Calawa suna haɗuwa kafin Wudil, daga nan ruwan ya miƙa ta Ringim zuwa Haɗeja. Kogin Jama'are daga tsaunukan Jos yake gangarowa, ya ratsa ƙasar Bauchi ta yankin Katagum. Su biyun suna gamuwa a wajejen Gashuwa, su zama Kogin Yobe, wanda ke bin iyakar Najeriya da Nijar ta kusa da Diffa har ya faɗa Tafkin Cadi. Ruwan da ya sauka a kan dutsen Filato, bayan kwanaki yana iya kwana a gonar mutumin Zaki ko na Bade, ko da a garinsu ba a ga hadari ba.

Daga Ringim zuwa gabas ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, gangarenta kaɗan ne ƙwarai. Kogin yana tafiya a hankali tsakanin tsofaffin tuddan rairayi, yana rarrabuwa: ga reshen Kafin Hausa, ga Marma da ke zuba a tafkin Nguru, ga Burum Gana, ga tsohuwar hanyar kogin Haɗeja. A irin wannan ƙasa, bambancin tsayi na kamu ɗaya ko biyu shi ke raba gonar da za ta tsira da wadda za ta nutse. Ido ba ya gane wannan bambanci a lokacin rani, awo ne ke fito da shi.

An gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka gama ta Calawa kusa da Ƙaraye a 1992. Alherinsu a bayyane yake: noman rani a Kadawa da Kura, ruwan sha na birnin Kano, da filayen ban-ruwa na Auyo. Amma sun sauya ɗabi'ar kogin. A da yakan ƙafe da rani, ciyawar da ke cikinsa ta bushe ta mutu. Da ruwa ya koma gudu rani da damina, sai kacala ta samu gindin zama, ta cika magudanai, laka da yashi suka taru a gindinta, hanyoyin ruwa suka toshe. Ruwan da ya rasa hanya sai ya fantsama gonaki. Ta ɓangaren Marma wasu filaye suka shekara cikin ruwa, wasu rassan kuma ruwan ya yi musu ƙaranci. Ga sauro, ga tsuntsayen jan-baki da ke fakewa cikin kacalar suna afka wa shinkafa da gero.

Saboda haka idan aka ce "an saki Tiga", an faɗi wani ɓangare ne na labarin. Madatsa idan ta cika dole ta zubar, in ba haka ba ta ɓalle. Kogin Jama'are kuwa babu wata babbar madatsa a kansa, tunda ta Kafin Zaki har yau ba a gina ta ba, amma duk da haka yana cin gonakin Zaki da Jama'are. Ruwan sama mai ƙarfi, toshewar magudanai, sare itatuwan gaɓa, hanyoyin mota da aka yi ba tare da isassun kwalbatoci ba, duk suna da hannu.

Kada kuma a manta cewa wannan ruwa shi ne arzikinmu. Shi ke kawo lakar da ke sabunta fadama, shi ke cika rijiyoyi ta ƙarƙashin ƙasa, cikinsa kifin da ake kaiwa kasuwar Haɗeja ke hayayyafa, a bayansa ciyawar da dabbobi ke ci da rani ke fitowa. Tafkin Nguru da mashigin Marma sun shiga jerin dausayin duniya da ake kiyayewa ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar tun shekarar 2000. Babu mai hankalin da zai ce a bar fadama. Abin da ake nema shi ne mu zauna da ruwa bisa sani, mu ci amfaninsa, mu kauce wa sharrinsa.

Abin da taswirar ambaliya ke faɗa

Taswirar kirki tana amsa tambaya huɗu a kan kowane fili. Ruwa yana kaiwa nan? Zurfinsa nawa? Kwana nawa yake yi kafin ya janye? Kuma sau nawa yake zuwa, duk shekara ko sai babbar shekara? Manomi ya san nauyin kowace ɗaya. Shinkafa tana iya jure ruwa ya sha kanta na 'yan kwanaki, gero da riɗi da wake kuwa ko ruwa ya kwanta a gindinsu kwana kaɗan sun tafi. Gonar da ruwa ke shiga ya fita cikin kwana uku daban take da wadda yake yin wata guda a cikinta, ko da a takardar agaji duka biyun an rubuta "ambaliya ta shafa".

Hanyar haɗa ta ba ɓoyayya ba ce. Da farko a auna tsayin ƙasa, a gane ina ne tudu, ina ne kwari, ina ruwa zai gangara. Sai a ɗauko tarihin ruwa daga hotunan sama. Taurarin Landsat na Amurka suna ɗaukar hoton doron ƙasa tun 1972, wato tun kafin a gama Tiga, kuma hotunan kyauta ne ga mai nema. Tauraron Sentinel-1 na Turai, wanda aka fara harbawa a 2014, da na'urar rada yake aiki, gajimare ba ya tare masa gani, dare ma ba ya hana shi. Shimfiɗaɗɗen ruwa yakan fito baƙi a hotonsa, don haka ko a tsakiyar marka ana iya shata iyakar inda ruwa ya kai. Idan aka jera hotunan shekaru da yawa, filin da ruwa ke ci kullum da wanda yake taɓawa jefi-jefi za su bayyana. Sai a ƙara awon ruwan sama da na tsayin kogi a gadoji. A ƙarshe a ɗora gonaki, gidaje, rumbuna, rijiyoyi, burtali da maƙabartu a kai. Abin da zai fito takarda ce da ko wanda bai yi boko ba zai karanta: ja inda ruwa ke zuwa kusan duk shekara, rawaya inda yake zuwa a shekara mai yawan ruwa, kore inda bai taɓa kaiwa ba.

Hasashe yana nan, amma bai iso gona ba

A yi adalci, ba a zaune ake ba. Hukumar kula da yanayi, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara. Hukumar NIHSA mai lura da ruwan koguna tana fitar da hasashen ambaliya na shekara. A 2024 ta ambaci ƙananan hukumomi 148 a jihohi 31 da ke cikin babban haɗari. A 2025 ta sauko ƙasa, ta lissafa garuruwa 1,249 a ƙananan hukumomi 176. Wannan ci gaba ne da ya cancanci yabo. Muna da hukumar sararin samaniya, NASRDA, wadda ta harba tauraronta na farko a 2003. Muna da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are tun 1976.

To amma a tambayi manomin Miga ko na Kirikasamma me hasashen bana ya ce game da gonarsa. Abin da ya ji a rediyo shi ne ƙaramar hukumarsu tana cikin haɗari, mazauna bakin kogi su koma tudu. Ƙaramar hukuma ƙasa ce mai faɗi, da tudunta da kwarinta. Wane tudu zai koma? Na wa? Gonar gado zai bari saboda sanarwar minti ɗaya? Gargaɗin da bai nuna wa mutum gonarsa ba, bai kuma nuna masa mafita ba, ba zai hana shi shuka ba. Hasashe yana fitowa da Turanci a babban ɗakin taro, shawarar shuka kuwa a zaure ake yanke ta da Hausa, da Fulatanci, da Badanci, da Barbarci. Tsakanin ɗakin taron nan da zauren nan ne amfanin gonarmu ke salwanta.

Da tsohuwar zuma ake magani

Kada wani ya ɗauka aikin na masu kwamfuta ne su kaɗai. A ƙasa mai laushin gangare kamar tamu, awon da aka yi daga sama yana iya kuskure da 'yan mitoci, kuma 'yan mitocin nan su ne magana. Hoto ba ya sanin cewa bara an yi jinga a wuri kaza, ko kacala ta toshe wani mashigi. Mutanen gari ne suka sani.

Ga yadda ya kamata a yi. A bugo babban hoton gari da gonakinsa, a shimfiɗa a kan tabarma a ƙofar gidan dagaci ko bulama, a danne gefunansa da duwatsu. Sarkin Ruwa ya nuna ta inda ruwa ke fara shigowa da inda yake fita. Sarkin Noma ya nuna fadamar da ke riƙe ruwa har bayan kaka. Dattijo ya kai matasa gindin tsamiyar da ruwa ya kai wa iya wuya a babbar shekara, su ɗauki wurin da wayar hannu, su shafa fenti a jikinta. Arɗo ya nuna mashaya da burtalin da ke yankewa. Mata su faɗi rijiyar da ke gurɓata da hanyar da suke bi su fitar da yara da tsofaffi, domin su ne suka fi kowa sanin wannan. Inda hoton sama ya saɓa da shaidar mutane, a taka a je wurin a gani. Taswirar da aka haɗa ta haka, ba sai an roƙi mutane su yarda da ita ba, tasu ce.

A kuma kafa sandar awo mai lambobi a gindin kowace gada da kowane mashigi, a sa mutum ɗaya amintacce ya riƙa dubawa safe da yamma yana aikawa gaba. Ruwa yana ɗaukar kwanaki daga Wudil kafin ya isa Haɗeja, daga Haɗeja kuma kafin ya isa Gashuwa. Saƙon waya ba ya ɗaukar minti ɗaya. Kwanakin nan sun isa a yanke shinkafar da ta nuna, a kwashe rumbu, a kora dabbobi. Amma saƙon "ruwa ya kai mita kaza a Wudil" ba shi da amfani sai idan akwai taswirar da ta fassara shi zuwa "gonakin yamma da gari za su nutse".

Me za mu yi da ita idan ta samu

Mai gona a jan yanki zai san bai kamata ya zuba dukan jarinsa a noman damina a wurin ba. Zai iya rage taki da iri a nan, ya tanadi ƙarfinsa don shukar da ake yi kan danshin da ruwa ya bari, da noman rani na alkama, shinkafa, albasa da tumatir. Mai gona a yankin rawaya zai nemi iri mai saurin nuna, ko irin shinkafa mai jure nutsewa. Tun 2017 aka fitar da FARO 66 da FARO 67 a Najeriya, da haɗin gwiwar cibiyar AfricaRice da cibiyar binciken hatsi ta Badeggi, waɗanda kan jure ruwa ya rufe su har kusan mako biyu. Manoma nawa ne a gaɓar kogin nan suka taɓa riƙe wannan iri a hannunsu? Taswira ce za ta nuna wa malaman gona garuruwan da ya kamata a fara kai shi.

Da ita za a san inda za a gina rumbu, makaranta da asibiti, da inda za a tanada domin mutane su fake, maimakon a riƙa korar ɗalibai daga azuzuwa duk Satumba. Da ita injiniya zai san inda hanya ke buƙatar kwalbati. Da ita injinan yashe kogi da cire kacala za su fara daga toshiyar da ta fi ɓarna. Da ita kamfanin inshorar noma na ƙasa, NAIC, da bankuna za su iya auna haɗari da gaskiya. Ranar rabon agaji kuma, hoton da ya nuna gonar da ta nutse shaida ce da ba ta karɓar cin hanci, ba ta san ɗan jam'iyya ba.

Sai dai akwai sharaɗin da ba za mu sassauta ba. Kada taswira ta zama makamin ƙwace. Kada a shafa wa gonar talaka jan fenti a tashe shi, shekara ta zagayo a ga wani mai hali ya kewaye ta da waya yana noman rani. Duk wanda za a ce ya tashi, a ba shi wurin zama da na noma, a bar masa haƙƙin fadamarsa. Shi ya sa dole a yi aikin a bainar jama'a, kwafi ya zauna a hannun gari.

Jinga da haƙƙin maƙwabci

Wanda ya ga yadda mutanen Haɗeja suka kwana a bakin jinga a 2020 da 2022, manya da yara, ana ɗura yashi a buhu ana miƙawa hannu da hannu cikin hasken tocila, ya san jama'ar nan ba ragwaye ba ne. Da wannan himma aka tsare gari. Amma ruwan da aka tare a nan ba ɓacewa yake yi ba, wani wurin yake nufa. Sau da yawa garin da ya ɗaga jingarsa ya tura ruwa ne gonakin garin da ke tsallake, daga nan sai zargi, sai a fara tsaron jinga da dare don kada wani ya fasa. Maganin wannan shi ne a dubi kogin gaba ɗayansa, daga tushe har bakin tafki, a amince da inda za a tare da inda za a bar ruwa ya shimfiɗa ya huce. Kogi bai san iyakar jiha ba. Jihohin Kano, Jigawa, Bauchi, Yobe, Borno da Filato sun gane haka tun 2006, lokacin da suka haɗu da gwamnatin tarayya a Damaturu suka kafa asusun kula da wannan kwari. To a raya wannan haɗin kai, a ɗora masa aikin taswira ɗaya da duka jihohin za su yi aiki da ita.

Wani zai ce ambaliya ƙaddara ce. Haka ne, mun yi imani babu abin da ke faruwa sai da izinin Allah. Amma Annabi Nuhu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tun ƙasa tana bushe ya sassaƙa jirgi. Tawakkali bai taɓa hana riƙo da sababi ba. Wanda Allah ya nuna wa hanyar ruwa sau uku cikin shekara goma sha ɗaya, ya ƙi ya rubuta ta, sakacinsa ne, kada ya jingina shi ga ƙaddara.

Kowa ga nasa aikin

Ya ku gwamnoni da 'yan majalisun jihohin kwarin nan, kuɗin da kuke kashewa kan tabarmi, barguna da buhunan agaji a shekara ɗaya ta ambaliya, ku ware wani abu daga irinsa ku auna ƙasa. Ku sa aikin taswira cikin kasafin kuɗi, ku yi dokar da za ta hana gina hanya, makaranta ko rukunin gidaje ba tare da an duba ta ba. Ku tanadi sabunta ta bayan kowace babbar ambaliya, tunda kogin yana sauya hanya.

Ya ku hukumomin ruwa da masu kula da madatsu, ku riƙa sanar da tsayin ruwan Tiga da Calawa a fili duk mako idan damina ta kankama, ku faɗi ranar da za a saki ruwa da yawansa tun da sauran lokaci. Ku duba lafiyar madatsu manya da ƙanana. Abin da ya sami Alau ya ishe mu wa'azi.

Ya ku jami'o'inmu, Bayero a Kano, ta Tarayya a Dutse, Sule Lamiɗo a Kafin Hausa, ta Gaɗau, ta Tarayya a Gashuwa, kuna zaune ne a tsakiyar wannan kwari. Ɗalibanku na nazarin ƙasa da aikin gona suna rubuta kundin kammala karatu duk shekara, ya ƙare a kan kanta. Ku ba kowane ɗalibi gari ɗaya ya zana, ya mayar wa mutanen garin da kwafi, ya tsaya a gabansu ya yi bayani da harshensu.

Ya ku masu martaba, hakimai, dagatai, bulamai da masu unguwanni, a hannunku tarihin ƙasa yake, kuma kiranku ake amsawa. Ku tara dattawa tun suna raye a rubuta abin da suka sani. Ku zauna da takwarorinku na sama da na ƙasan kogi kafin a ɗaga kowace jinga.

Ya ku limamai da masu wa'azi, huɗuba ɗaya a watan da ake sharar gona za ta kai inda sanarwar gwamnati ba ta kaiwa. Ya ku ma'aikatan rediyo, kada ku tsaya ga karanta sunayen ƙananan hukumomi. Ku gayyato masana su ambaci garuruwa da fadamu da sunansu, ku buɗe layi manoma su yi tambaya.

Ya ku matasa, wayar da ke hannunku tana iya ɗaukar wuri da hoto, ta aika saƙo har Gaidam. Ƙarfin da kuke kawowa daren ɗura buhu, ku kawo rabinsa da rani a yi awo, a kafa sanduna, a share magudanai.

Ku kuma 'yan'uwana manoma, kada ku jira a kawo muku. A taron ƙungiya na gaba ku tayar da maganar. Ku je wurin malamin gona, kansila da shugaban ƙaramar hukuma ku tambaya: ina taswirar garinmu? Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a, ku yi masa wannan tambaya kafin ya zauna. In ba a kawo ba, ku fara da abin da kuke da shi: farar takarda, alƙalami, da dattawa uku da suka ga manyan ambaliyoyi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma gari guda yana iya zana gonakinsa cikin mako ɗaya.

Lokacin wannan aiki shi ne rani, sa'adda hanyoyi ke buɗe, alamun ruwa ke nan a jikin bango da itatuwa, mutane kuma ke da sararin zama. Idan aka bari hadari ya haɗu, an koma ihu bayan hari. Mu ɗaura niyya cewa babu garin da ke gaɓar kogin nan da zai sake shiga damina bai san jan yankinsa ba, bai san wanda zai kira shi daga sama ba, bai san tudun da zai nufa ba. Mu tashi mu fara daga wannan makon. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare rayukanmu da dukiyoyinmu, Ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, Ya ba shugabanninmu ikon sauke nauyin da ke kansu. Amin.